Yatsan Ɗantala

Ɗantala ya cinye dambun naman Baba Haruna tas, har ya lashe robar. Baba Haruna kuwa shi ne babba a ɗakinsu na haya a unguwar Muntazah, can ƙasar Larabawa inda suka je neman kuɗi, dattijon direba, shi ke cewa wa zai zauna, wa zai kwashe komatsansa. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ƙarshen wata ka nemi wani gadon. Khalas, magana ta ƙare."

Tsoro ya kama Ɗantala, don samun gado kusa da inda yake gadi sai an sha wuya.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, 'yan ɗaki suka taru kan waya guda suna kallon wani tsohon fim ɗin Japan marar kala, na 'yan daban tashar jirgin ruwa. Ba mai jin ko kalma ɗaya, amma kowa sharhi yake. Can sai ga wani yaron gidan da ya saci kayan ubangidansa, ya durƙusa, ya ɗora ƙaramin yatsansa a kan katako zai datse don neman gafara. Wuƙa na shirin sauka ubangidan ya cafke hannun, suka rungume juna.

Ɗantala ya ce a ransa, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ya shiga kicin ya ɗauko katakon yanka albasa da wuƙa, ya zube gaban dattijon, ya miƙe yatsa.

"Baba, na yi laifi. Ga yatsana."

Baba Haruna ya kurɓi shayi. Ɗantala ya ɗaga wuƙa a hankali, yana satar kallonsa ta wutsiyar ido. Dattijon ya sake kurɓa. Ya ƙara ɗagawa.

"Tsaya," in ji Baba Haruna.

Ɗantala ya sauke ajiyar zuciya.

"Waccan ba ta da kaifi. Ghali, miƙo masa sabuwar. Yalla, yi maza."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Gumi ya keto wa Ɗantala duk da sanyin esi.

"Haba Baba, ai a fim riƙe hannun ake yi!"

"Wancan kaya aka sace masa, tashar jirgi kuwa cike take da kaya." Muryar dattijon ta yi ƙasa. "Ni Rakiya ce ta daka min da hannunta. Shekara biyu ban sa matata a ido ba. Tsinke-tsinke nake ci don kada ya ƙare."

Dariya ta ɗauke. Sai yanzu kunya ta gaske ta rufe Ɗantala, ya ajiye wuƙar, ya kasa ɗaga kai.

"Me zan yi da yatsanka, miya?" in ji Baba Haruna. "Zauna a gadonka. Amma idan ta kira ta tambaya ko dambun ya yi daɗi, kai zan miƙa wa wayar."