Lomar Sahabi

Da kamfanin sayen wake ya buɗe sito a Batsari, manyansa na Kaduna sun zo da wata aƙida da suka riƙe gam: wurin aiki na kowa ne, mace da namiji, mai lafiya da mai lalura, Bahaushe da Bafulatani. Armaya'u, manajan siton, maganar ta shige shi sosai. Mutumin kirki ne, sai dai irin masu kirkin nan ne da in suka ɗauko alheri sai sun ɗura maka shi, ko kana so ko ba ka so.

Ya ɗauki mata suna tsince wake. Ya ɗora Tayyib, wanda cutar shan inna ta taɓa wa ƙafa, a kan sikeli. Sannan ya yi abin da ya sa aka yi ta ƙus-ƙus a gari: ya saka Sahabi, wani saurayi Bafulatani daga rugar da ke wajen Runka, cikin masu lodi.

Kamfanin ne ke ciyar da ma'aikata da rana, da sharaɗin a ci tare, wai ta haka zukata ke haɗuwa. Mata da tirensu a gefe, maza kuma a ƙarƙashin darbejiya, kowa ya sa hannu. Armaya'u yana ji da wannan tsari kamar shi ya ƙirƙiro shi.

Sahabi kuwa aiki kamar ba ya gajiya, ga ladabi. Amma da an sauke tire sai ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi," ya zagaya bayan sito. Kullum haka.

Baba Daudu ne shugaban masu lodi, dattijo mai faɗa, wanda 'yan bindiga suka kashe wa ƙane a gona. Wata rana ya tsare Armaya'u a bakin ofis.

"Manaja, yaron nan mi yake nufi? Mun zauna da shi, mun yi salla da shi, amma abincinmu ya fi ƙarfin bakinshi? Wanda bai ci da kai ba, ba ya jin nauyin cutar da kai. Yana bayan sito yana ƙirga buhuna da ƙofofi, wa ya san wa yake kai wa labari? Ko ya ci da mu, ko in kai maganarshi wurin 'yan banga."

Armaya'u ya san nauyin wannan magana. A wannan yanki, in aka ce mutum yana kai wa 'yan daji labari, ba aikinsa kaɗai zai rasa ba. Da wuya ma ya kwana da rai.

Sai ya yanke shawara irin tasa. Washegari da aka sauke shinkafa da wake, ya kamo hannun Sahabi a gaban kowa, yana dariya, ya zaunar da shi daidai gaban Baba Daudu.

"Yau kam sai ka ci. Dokar kamfani ce."

Sahabi ya sunkuyar da kai. Ya ɗebo loma ya kai baki. Ido duk ya dawo kansa. Lomar ta ƙi wucewa, gumi ya keto masa, hawaye suka cika idonsa. Ya miƙe ya fita, bai ko tsaya ɗaukar takalmansa ba.

"Ka gani?" in ji Baba Daudu.

Sahabi bai dawo ba. Armaya'u ya shiga damuwa, don ya san rashin dawowar ma wata shaida ce a bakin masu neman shaida. Ya ce zai bi shi har gida. Shi ɗan birnin Katsina ne, bai san hanyar da ake bi da wadda ake kauce wa ba, Baba Daudu kuwa ya san su kamar tafin hannunsa.

"Zan kai ka," in ji dattijon. "Ni ma ina so in ga inda ya fito da idona."

Suka hau babur da hantsi, suka ratsa gonakin gero ta ɓangaren Safana. Rugar da suka tarar ba ta da wani abin kallo. 'Yan bukkoki ne, ga turaku birjik, amma shanun da ke ɗaure ba su taka kara sun karya ba. Baba Daudu ya daɗe yana kallon turakun nan da babu komai a jikinsu.

Mahaifin Sahabi, wani tsoho siriri, ya tarbe su da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da aiki da damina da hanya. Ya shigar da su wata bukka, aka shimfiɗa tabarma. Aka kawo fura da nono a ƙwarya, da tuwo yana tururi. Daga nan tsohon ya fita, ya saki asabari, kowa ya watse. Ko tari ba a ji.

Baba Daudu ya hasala. "Ka ga irinta ko? An ajiye mana abinci an gudu, sai ka ce masu cuta!"

Ashe tsohon bai yi nisa ba. Daga bayan asabari ya yi gyaran murya.

"Malam, yi haƙuri, ba gudunku muka yi ba. Mu a wurinmu ba a kallon bakin baƙo yana tauna. In mun tsaya kanku, mun ci mutuncinku ke nan."

Armaya'u ya matsa kusa da asabarin. Ya ce, "Baba, to shi Sahabi, me ya hana shi ci da mu?"

Tsohon ya yi 'yar dariya mai ɗaci. "Da sa'o'inshi zai ci, har ya yi wawaso. Amma ya ce mani akwai wani dattijo a cikinku, shugabansu, wanda yake gani kamar ni. Yaron nan tun da ya yi wayo ban taɓa ganin loma a bakinshi ba, ni da na haife shi. Ranar nan ya dawo yana kuka, wai an sa shi ya tauna a gaban babanshi na wurin aiki. Ya ce ba shi da idon da zai sake kallonshi."

Kunya ta rufe Armaya'u, don shi ne ya ja hannun. Ya saci kallon Baba Daudu, ya ga dattijon ya ƙura wa ƙwaryar ido, gemunsa na motsi. Can ya ɗauki ludayi ya yi bisimilla, ya sha, ya ƙara, har ya ga gindin ƙwarya. Da suka fito ya riƙe hannun tsohon ya daɗe bai saki ba.

"Shanunku fa?"

"An kore su bara. Da ɗana babba a bayansu, har yau shiru."

Baba Daudu ya ce, "Allah ya bayyana shi." Muryarsa ta canza. "Ka ce wa yaron nan buhuna na jiranshi."

A ranar Armaya'u ya kira Hajiya Sadiqa, wadda ke kula da sha'anin ma'aikata a Kaduna, ya zayyana mata komai, har da tasa wautar. Ya zaci za ta kafe a kan doka. Sai ta ce ai an kawo cin abincin ne don mutane su saki jiki, in kuwa yana sa wani kuka, to a gyara shi yadda mutanen wurin suka ga ya dace.

Sahabi ya dawo da sassafe, yana ta sunne kai. Da rana ta yi aka sauke tire, ya juya zai nufi bayan sito. Baba Daudu ya daka masa tsawa.

"Kai, dawo nan! Bayan sito namu ne yau."

Ya ɗebi abinci a wani kwano, ya kira sauran masu furfura, har da Armaya'u da ke ta cewa shi bai kai dattijo ba. Suka zagaya, suka bar samari a ƙarƙashin darbejiya. Tayyib ya matsa ya buɗe wa Sahabi wuri a kusa da shi.

Daga bayan sito Armaya'u yana jin hayaniyarsu, sai kuma wata dariya da bai taɓa ji ba a wurin. Ya yunƙura zai leƙa. Baba Daudu ya fizgo rigarsa ya zaunar da shi.

"Zauna, Manaja. Ba a leƙe."

Sannan ya ɗaga murya, fuskarsa na kallon bango.

"Sahabi! Ban ganka ba, kuma ba zan ganka ba. Amma ka ci ka ƙoshi, ɗana, ka ji ko?"

Sai amsa ta zo, da baki cike.

"To, Baba."