Dakalin Baba Yari

Shekara goma sha tara Saudatu tana toya masa a ɗan shagonta da ke wani layi a unguwar Mansur ta Makka, ba ta taɓa tambayar faɗin layin ba. Sai bana, da ta je sabunta lasin shago, aka ce mata an yi sabuwar doka, an raba titunan ƙasar aji-aji, ma'auni ɗaya daga birni har ƙauye. Layin da bai kai mita goma sha biyar ba na gidaje ne, ba a buɗe shago a cikinsa.

Ran Talata da hantsi mai awo ya zo, Abdulilah, jikan Kanawa haifaffen Makka, Hausarsa rabi Larabci. Ya ja igiyar awo daga bangonta zuwa tsallake, ya sake ja, sannan ya sosa ƙeya.

"Ya Khala, wallahi saura kaɗan. Rabin mita bas, shi ke nan. Wancan dakalin ne ya ci."

Saudatu ta dubi dakalin. Baba Yari ne a kai, aminin marigayi mijinta. Da hannunsa ya gina shi, kuma tun da gwiwa ta hana shi zuwa Harami, nan yake wuni, nan mutanen Damagaram ke zuwa gaishe shi. Ta mai da ido kan tanda, ta juya masa ɗaya da ba ta isa juyi ba.

"Rubuta abin da ka gani, ɗana," in ji ta.

Ashe tsohon yana ji.

"Kai, Bakano, zo nan! Me ka ce dakalina ya ci?"

"Rabin mita, ya Ammi."

"Shekara arba'in bai ci komai ba, sai yau da ka zo?"

"Baba, bar shi," Saudatu ta ce. "Sai in koma toyawa a cikin gida."

"Hawa na uku? Wa zai hau miki, tantabaru?"

Tsohon ya daɗe yana shafa sumuntin dakalin da tafin hannu. Can ya dogara sanda ya miƙe, ya ƙwala wa Hadi magini kira, ya ce ya zo da guduma.

"Kai kuma kada ka tafi," ya ce wa Abdulilah. "Da sauran awo."

Saudatu ta rage wuta, ta shiga ciki ta ɗauko kujerarta, ta ajiye masa a inuwar ƙofar shago.