Akwai Mai Sauka?

Jikata Nozanin ta kai shekara shida ba ta taɓa ce min Kaka ba. Ba wai ba ta magana ba ne. Maganar ubanta take yi. Ɗana Firdavs direban ƙaramar bas ne a nan Khujand, takan zauna gefensa, sai ta dawo gida da kalamansa, har da irin muryarsa.

"Akwai mai sauka?" Haka za ta ce ana tsakiyar cin abinci.

Maƙwabciyata Mohira takan yi dariya. "Wannan kwandastar taku, yaushe za a fara biyanta?"

Muka kai Nozanin wurin wata likita a babban birni, Dushanbe. Likitar ta daɗe tana wasa da ita a ƙasa kafin ta ɗago.

"Lalura ce da ake kira otizim, Mama. Ƙwaƙwalwarta ba ta tsintar magana kalma-kalma kamar tamu. A dunƙule take ɗauka, da sautin, da abin da ta ji a ranta lokacin."

"To za ta warke?" in ji Firdavs.

"Ba zan yi maka alkawarin komai ba. Amma ku daina gyara mata. Ku lura da lokacin da take faɗa."

Na soma lura. Ranar bikin ɗan Mohira, masu busa ƙaho suka cika tsakar gida, mata na guɗa. Nozanin ta toshe kunnuwa, ta kama gefen rigata.

"Akwai mai sauka?"

Nan na gane. Shekaru yarinyar nan tana roƙon a fitar da ita daga hayaniya, mu muna dariya.

"Akwai," na ce. "Mu biyu ne."

Na ja ta zuwa bayan gida, gindin inabi. Ta zauna a kan gadon katako tana jijjiga jiki har numfashinta ya daidaita. Ni kuwa na tsaya nesa kaɗan, don ba ta son a matse ta.

Can sai ta ja jiki gefe, ba ta dube ni ba, ta bubbuga katifar da tafin hannu. Da muryar ubanta, mai kauri, ta ce, "Hajiya, shigo, akwai wuri."

Na hau na zauna. Shinkafar bikin ta huce ba mu ci ba. Da Firdavs ya zo nemanmu na gaya masa, sai ya juya baya yana goge ido da hularsa.