Garewanin Maɗugu a Ɗakin Raino

"Yau za ka fidda garewanin ga, Maɗugu, ba gobe ba!"

Salmatu ce ke faɗa a tsakar gida, ɗanta Uwaisu a kafaɗa yana ta tari. Gidan na Maɗugu ne, direban da ke tsallakawa da mai zuwa Maraɗi. Ɗakin baya ya bar wa Inna Barira, tsohuwar da fari ya koro daga ƙetare, mai rainon 'ya'yan matan da ke sayar da abinci a bakin iyakar Jibiya. Tun da mai ya yi araha a nan, ya yi tsada a can, sai Maɗugu ya jera garewani a ɗakin, dab da tabarmar da yara ke barci.

"Ke dai kin cika ɗumi," in ji Maɗugu, yana gyara sabon agogonsa. "Gidana ne ko naki? In bai yi miki ba, goya abinki ki tahi da shi gaban murhu."

Salmatu ta gyara yaron a kafaɗa. Ta taɓa gwadawa, yaron ya kusa faɗawa tukunyar miya, ga manyan motoci na ja da baya ba su ganin kowa. Sauran iyayen ma sun yi magana har sun gaji, ba su da wani wurin.

"Ɗiyata, bar shi," in ji Inna Barira. "Miƙo min mijina, ko yau ma bai yi cefane ba? Wai ni kam mi ke cikin garewanin ga ne, Maɗugu?"

"Fetur ne, Inna." Ya yi waje.

"Au, fitirol ne ashe," ta ce, har da ɗan murmushi.

Salmatu ta ji, amma fushi bai bar ta ta tsaya ba. Ta ja tsaki, ta tafi rumfarta.

Tana cikin kwashe tuwon rana ta ji ƙara kamar taya ta fashe, hayaƙi baƙi ya tashi daga lungunsu. Ta yar da mara, ta ruga ba takalmi. Yaran duka suna waje suna kururuwa, Uwaisu na cikinsu. Inna Barira ce ta kwaso su, ta koma ta ɗauko jaririyar ƙarshe, wuta na cin zanenta.

Aka sa ta a bayan wata akori-kura za a kai ta Katsina, kanta a cinyar Salmatu.

"Kananzir ɗina ya ƙare," ta ce a hankali. "Shi kuwa ya ce fitirol ne. Na ɗebi kaɗan na sa a risho in dama musu kunu."

Sai a nan Salmatu ta gane. A wajen su Inna, man fitila ake kira fitirol, man mota kuwa isansi suke ce masa.

"Ɗiyata, ban tambaye shi ba na ɗiba. Ki ce ya yafe min."

"Shi zai yafe miki? Shi?" Muryar Salmatu ta tashi har direba ya waigo.

"Ki dai hwaɗa mishi."

Ba su wuce Daddara ba ta cika.

Bayan an dawo daga rufe ta, Maɗugu ya zauna a ƙofar gida cikin maza yana karɓar gaisuwa. "Ƙaddara ce," yake ta cewa. "Tsufa kuma, ga rashin jin magana."

Salmatu ta ratsa tabarmin da goyonta. Mijinta Bawa ya yunƙura. "Ke, nan wurin maza ne!" Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Saƙo gare ni, Maɗugu. Ba don mamaciya ta aiko ni ba, wallahi da ba wannan za ka ji daga bakina ba. Ta ce ta ɗebi manka ba da izini ba, don ta dama wa ɗiyanmu kunu. Ta ce ka yafe mata." Ta gyara tsayuwa. "To, ina jira. Hwaɗi, jama'a su ji."

Maɗugu ya sunkuya yana murza sabon agogonsa. Masu jan carbi suka tsaya. Ta ƙofar zaure ana hango tsakar gida ta yi baƙi ƙirin, ga 'yan ƙoƙunan yara a jere gindin bango, kowanne da ludayinsa a ciki, toka na sauka a kansu.