Layin Wanda Ya Gano

Shekara tara Dogo yana kula da sashen da ke karanta fayiloli daga filashi, can cikin zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Shi ya rubuta shi, yana kuma ji da shi kamar ɗan fari. Sai ga Mai Tabarau, wanda bai cika wata shida a ofishin ba, teburinsa ma a bakin ƙofar bayan gida yake, ya gano ɓaraka a ciki. In sunan fayil ya zarce tsawon da aka tanada, sai ya malala inda bai kamata ba, mugu ya ƙwace kwamfutar da filashi guda.

Shugabar sashe ta kira Mai Tabarau gwani a gaban kowa. Dogo ya tafa tare da jama'a, har da murmushi, ciki kuwa hassada na cin sa.

Ƙa'idar aikin ita ce a rufe maganar har tsawon sati biyu, masu rarraba manhajar su shirya gyara a ɓoye, sannan a fitar da sanarwa, a ƙasanta layi ɗaya: wanda ya gano. Wannan layin ne ya tsaya wa Dogo a wuya. Kwana na uku ya rubuta gyaran da kansa, ya tura dandalin da kowa ke gani, ya ce share-share ne kawai. A ransa, in an toshe ramin shiru, me ya rage da za a yabi wani a kai?

Ya manta ɓarayi ma suna karatu. Suka duba abin da aka toshe, suka gane inda ramin yake, kafin sati ya ƙare an shiga kwamfutocin wata makaranta.

Washegari da safe Mai Tabarau ya zo teburin Dogo, ya ajiye masa kwamfuta a gaba. Daftarin sanarwa ne, a layin nan kuma sunaye biyu.

"Yaya, bayanan da ka bari cikin aikinka ne suka nuna min hanya, shi ya sa na sa ka gaba," in ji shi. "Shugaba ta ce a cire sunanka, saboda gyaran da ka tura."

Dogo yana kallo aka goge sunansa, harafi bayan harafi.