Kunnen Hagu na Baba

Ni na yi wa Baba gwajin ji da hannuna, wata biyu da fara aikina a asibitin kunne na garinmu. Sai da Mama ta yi sati uku tana yi masa mita kafin ya yarda ya zo. Ya shiga ɗakin gwajin da hularsa ta kamfanin irin masara, ya zauna, ya dube ni ta gilashi.

Ya ce, "To, Likita Marit, a bi ni a hankali. Ni na koya miki ɗaure takalmi."

Na sa masa abin sauraro, na ce duk sanda ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Kunnen dama ya taɓuka, ko da yake sirarun sautuka sun fara kuɓuce masa. Da na koma na hagu, na yi ta ƙara sauti har na kusa ƙure na'urar. Baba yana zaune, hannayensa a gwiwa, yana kallon silin, yana jiran in fara.

Da na nuna masa takardar, bai ko sa tabarau ba.

Ya ce, "Tarakta ce. Shekara arba'in ina kanta."

Na ce to. Amma shekara bakwai na yi a jami'a ina karatun kunne, kuma akwai abin da ake koya mana tun da wuri. Mai harbi da hannun dama, kunnensa na hagu ke fara mutuwa, domin shi ke fuskantar bakin bindiga, na dama yana fake a kafaɗa. Baba bahago ne. Da bindigarsa ce ta ci kunnensa, da na dama ne ya mutu. Na san bindigar da ta yi wannan aikin, tana cikin kabad ɗina.

Ina da shekara goma sha biyu Baba ya fara kai ni filin da ke bayan rumbun waken suya. Muna da tsohon injin jefa faifan yumɓu, mai sifirin da igiya. Ana ɗana faifan, mai harbi ya ce "Saki!", mai riƙe da igiya ya fizga, faifan ya tashi sama kamar tsuntsu, a harbe shi. Baba ke riƙe igiya. Wurin tsayuwarsa a damana ne, taku biyu baya, kunnensa na hagu yana wajen bindigata.

A kan kunnena kuwa ba ya wasa. Kafin in taɓa harsashi sai ya murza soson toshe kunne tsakanin yatsunsa, ya ja kunnena sama, ya cusa, ya riƙe har soson ya kumbura. Sannan ya ɗora mini murfin kunne a kai. Ya kan ce, "Biyu, 'yar Baba. Kullum biyu." Shi kuma murfi kawai yake sawa.

Ranar da aka fara kai ni kulob ɗin harbi na gari, ni kaɗai ce mace a layin masu harbi. Na ɗaga bindiga, na buɗe baki na ce "Saki!" da dukan ƙarfina, muryar ta fito siririya kamar ta ɗan tsako. Maza huɗu suka fashe da dariya. Wani ya kwaikwaye ni. Na kuskure faifan, na kuskure tara a bayansa. Ban yi kuka ba, ban kuma manta ba. A mota na yanke wa kaina cewa ba wanda zai ƙara jin muryata a layi. Daga ranar nake faɗin kalmar ƙasa-ƙasa, ta tsakanin haƙora, leɓena ko motsi ba ya yi.

A kulob wannan bai dami kowa ba, don na'ura ce a gaban mutum take ɗaukar murya ta saki faifan. A gida kuwa Baba ne na'urar.

Ya ce, "Ɗaga murya mana, ba na ji."

Na ce, "Haka muryata take."

"Jiya da kika kira kare har gidan maƙwabtanmu su Halvorson sun ji ki."

"To a nan haka take."

Ya dube ni, ya girgiza kai, ya tura murfin kunnensa na hagu sama ya zauna a gefen hularsa. Ya ce, "Bismillah ɗinki." A gabana ya yi, ina kallo.

Shekara shida muka yi haka. Kowace Lahadi bayan coci, da yammacin Laraba in ba girbi ake yi ba. Na yi harbi da kafaɗa ta yi baƙi ƙirin don dukan gindin bindiga. Na yi harbi cikin sanyin da yatsa ba ya jin kunamar bindiga, ƙanƙara har gwiwa. Na jure kiran "'yar tsana" da "ina kika ajiye jakar kwalliya", har ranar da na fasa faifai ɗari a jere a gasar yankinmu, mutanen da suka yi mini dariya suka harbe hulata a sama kamar yadda ake yi wa duk wanda ya yi wannan. Ban yi musu murmushi ba. Ina alfahari da juriyata ƙwarai, har na rubuta labarinta a takardar neman shiga jami'a. Ban rubuta wanda ya tsaya taku biyu daga bakin bindigata da kunne a buɗe ba, don ko tunaninsa ban yi ba.

Da yamma bayan gwajin na tarar da Mama tana murza lefse, wainar dankali, a kicin. Na ce mata zan daina harbi a gida.

Ta ce, "Ki daina ki ga. Tun Alhamis yake fara goge injin nan. Kina so ya zauna yana kallon bango?" Ta juya wainar, sannan ta ƙara da cewa, "Kin dai lura yanzu na dama yake ɗagewa ko?"

Na tsaya. Na lura, tun hutun bara. Na ga hannunsa yana zuwa dama maimakon hagu, ban tambayi kaina dalili ba. Na hagu ya daina jin raɗana, shi ne ya fara ba ni wanda ya rage.

Ranar Asabar na tafi shagon Kawu Duane, abokin Baba tun suna yara, wanda ke sayar da harsashi da kayan harbi a gefen kulob. Shi ma sai an yi masa ihu.

Ya ce, "Ah, ga mai ilimi! Kin zo ki auna mu ne? Kada ki ɓata lokacinki, matata ta riga ta ba da sakamako."

Na ce, "Abin kare kunne nake so, Kawu. Na Baba."

Ya zube mini kaya a kan kanta. Ya ɗaga wani siririn murfi. "Wannan ba ya karo da gindin bindiga, shi samari ke so." Na juya kwalin na duba lambar da ke nuna yawan ƙarar da yake ragewa, ta yi ƙasa. Na ture shi. Ya nuna mini na roba mai igiya, wanda ake ratayawa a wuya. Na san Baba, a wuyan zai ƙare. Ya ce akwai wanda ake zuba wa mutum daidai ramin kunnensa. Na ce a wurin aikinmu ake yi, sai an jira sati uku, ni kuwa gobe Lahadi.

Ya ce, "To ga mai batir. Yana ƙara maganar mutane, in bindiga ta tashi ya datse. Amma kauri gare shi kamar kwanon miya."

"Shi nake so. Da soson nan mai ruwan lemo, mafi toshewa."

"Biyu? Arvid?" Ya yi dariya har da tari. "Yarinya, ubanki ko ɗaya bai taɓa sawa daidai ba. Sau nawa na ce masa, Arvid, sauke murfin nan, ka sa ta ta buɗe baki. Sai ya ce a ƙyale ta, ranar da ta ga dama za ta yi magana."

Ya faɗa ne yana neman leda, bai ko dube ni ba. Ashe kowa ya sani. Na so in ce masa shi ma yana cikin masu dariyar ranar farko, har maganar ta zo bakina. Gaskiya ce, amma ba shi ya tsaya shekara shida yana raɗa ba. Na karɓi ledar na fita.

Ranar Lahadi bayan coci Baba ya riga ni zuwa filin. An yanke masara, sai kututture har ƙarshen gani, iska tana kaɗawa daga arewa. Ya ɗana injin, tsohon murfinsa a wuya, karenmu Tuffy yana kwance a kan ƙafarsa. Na miƙa masa ledar.

Ya leƙa ya ce, "Mene ne wannan, na matuƙin jirgi?"

"Naka ne. Soso a ciki, wannan a sama."

"Mataccen kunne me za a kare masa?"

Na zagaya ta damansa don ya ji ni sosai. "Na daman nake karewa. In ka ci gaba da ɗage shi, nan da 'yan shekaru ko Mama ba za ka ji ba."

"Wannan ai ba asara ba ce," in ji shi, yana murmushi. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya daina.

Na ce, "Baba, kai bahago ne."

"An gaya mini."

"Ba tarakta ba ce. Ni ce."

Ya sunkuya ya gyara faifan da ba ya bukatar gyara. Ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe ya ce, "Tarakta ce, Marit. Hannuna ne ya ɗage murfin, ba naki ba. Kar ki zo mini da takardar makaranta ki ƙwace mini kurumtata."

"Ka ce in ɗaga murya na ƙi."

"Shekararki goma sha biyu."

"Har na kai sha takwas ina ƙi. Har yau."

Ya juya sabon murfin a hannunsa, ya danna maɓallin, ya kashe. "In na sa duka biyun, ko da batir ɗin, ba zan ji ki ba."

"Za ka ji."

Na fasa ledar soson. Na murza ɗaya tsakanin yatsuna, na ja kunnensa sama, na cusa, na riƙe. Gashin gefen kunnensa duk ya yi fari, ban san yaushe ba. Ya tsaya cik kamar yaron da ake yi wa aski. Na sa na hagun ma, ko da yake babu abin da ya rage a ciki sosai. Na ɗora murfin, na murɗa sautin har ƙarshe. Na sa nawa biyun, na ɗura harsashi, na tsaya a wurina.

Na kafa gindin bindiga a kafaɗa, na kwantar da kumatu, na ce "Saki."

Shiru. Faifan yana kan injin. Kalmar ta fito yadda ta saba fitowa shekara goma sha huɗu, ta tsakanin haƙora, ban ma san na yi ba. Ta gefen ido na ga hannun Baba ya saki aljihu yana tafiya sama, yana neman murfin dama.

Na cika ƙirjina da iska.

"SAKI!"

Muryar tana nan yadda na bar ta, siririya, mai tsini, har ta karye a tsakiya. Tuffy ya zabura ya yi bayan rumbu a guje. Hannun Baba ya tsaya a iska, ɗayan ya fizgi igiya. Faifan ya tashi ja a kan kututturen masara, na harba, na wuce ta ƙarƙashinsa da nisa. Ya sauka lafiyarsa can gaba ya fashe a ƙasa.

Baba ya yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa. "Kin kuskure, Likita!"

"Na gani!"

"Me?"

"NA GANI! SA WANI!"

Ya sunkuya yana dariya, ya ɗana wani. Murfin yana zaune daram a kunnuwansa biyu. Mun yi faifai hamsin ranar, na fasa talatin da ɗaya kacal, abin da rabona da yi tun ina yarinya. Maƙogwarona ya dushe kafin mu gama.

Da muka nufi gida ina tafe a hagunsa, na ce masa wani abu a kan injin, cewa sifirin ɗin ya fara saki. Ya ci gaba da tafiya da akwatin faifai a hannu, yana kallon gabansa. Na rage sauri, na zagaya ta bayansa na koma dama, na sake faɗa.