Tagar Ɗakin Citta

Ni na kai ƙarar, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Sunana Hellen. Shekara talatin da ɗaya na yi ina fama da 'ya'yan mutane a firamare kafin in yi ritaya in dawo gida Madakiya. Maƙwabciyata ita ce Mama Keziya, wadda ta tsufa tana buga tulu a zumuntar mata ta ikilisiyarmu. In ta ɗora tafin hannu a bakin tulun nan, ko mai ciwon gwiwa sai ta miƙe ta taka rawa. Bara waccan hawan jini ya kayar da ita, ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ɗanta Leonard, ma'aikacin gwamnati kuma dattijo a ikilisiya, ya tattaro daga Kafanchan da matarsa Doreen, wai sun zo jinya. Mu kuwa muka yi ta sa masa albarka, har da guɗa.

Ba a yi wata uku ba muka daina ganinta a ƙofar gida. In mun je gaisuwa sai Doreen ta tare mu a tsakar gida, ta ce, "Mama yana barci." Safe barci, rana barci. Ban taɓa ganin mai barci irin wannan ba.

Ɗakin da suke ajiye busasshiyar citta, bayansa a cikin lambuna yake. Can sama akwai 'yar taga, bulo ɗaya ne magini ya tsallake don iska ta riƙa shiga. Wata Talata da hantsi ina cire ciyawa a gindin yakuwa, sai na ji ana kiɗa ta cikin bangon. Na san kiɗan, na Mama Keziya ne, sai dai a kan kwano ake yin sa, kuma da hannu ɗaya. Na jawo turmi na kife, na hau na leƙa. Warin fitsari da yajin citta suka bugi hancina. Tana kwance a kan buhu, an ɗaure ƙafarta ta hagu, mai lafiyar, da igiya a jikin ƙarfen ƙofa. Kwanon da take bugawa babu komai a ciki.

Daga ranar, da zarar Leonard ya tafi aiki, Doreen ta tafi shagonta, sai in cika gora da kunun acca in zura mata da igiya. In ta sha sai ta ja igiyar sau biyu, in janye. Da yamma kafin su dawo in ƙara. Sati biyar muna haka. Na je wurin fasto, ya ce Leonard dattijo ne, a sa abin a addu'a. Addu'a kam na yi, amma igiyar tana nan a ƙafarta. Sai na hau mashin na tafi ofishin 'yan sanda.

Wadda ta karɓe ni wata kofur ce, Jacinta, kuma ba zan tauye mata haƙƙi ba, ta yi aikinta. Ta ba ni kujera, ta tambayi rana, ta tambayi lokaci, ta tambayi irin igiyar da wajen da aka ɗaura ta, ta rubuta shafi biyu cur. Ta ce, "Mama, kada ki gaya wa kowa. Gobe da sassafe za mu zo, mu same shi yadda yake."

Sai ta kai takardar wurin na gaba da ita, Sufeto Martins. Ya karanta yana kaɗa kai, ya ce abin ba kyau. Sannan ya jawo waya.

Jacinta ta ce, "Oga, wa za ka kira?"

"Mai unguwa mana. Ba a shiga unguwan mutum da kaki ba a gaishe shi ba. Haka muke aiki. In ba haka ba gobe wa zai taimake mu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai unguwar ƙanen baban Leonard ne."

Ya ce to ai ya fi sauƙi ke nan, maganar gida ce. Ina zaune ina ji ya shaida masa za su zo ranar Alhamis da ƙarfe goma. Har lokacin ya faɗa masa, saboda ladabi.

Ranar Alhamis muka tarar da Mama Keziya a falo, a kan kujera mai laushi. An yi mata wanka, an shafe ta da mai sai ƙyalli take. An ɗaura mata zanen zumunta har ƙasa, ya rufe yatsun ƙafa, ga ɗankwali an kafa mata kamar ranar Kirsimeti. Doreen ta kawo shinkafa da nama ta ajiye mata a cinya. Tsohuwar nan ta dinga cusawa da hannun hagu, tana haɗiya ba tauna. Duk wanda ya taɓa ganin yunwa ya san abin da yake kallo. Sufeto kuwa ya yi murmushi ya ce, "Kai, Mama yana ci sosai!" Ya rubuta.

Jacinta ta durƙusa a gabanta ta gaishe ta, sannan ta kai hannu bakin zanen.

Mai unguwa ya daka mata tsawa. "Ke yarinya! Matan wana ne wannan. Za ki buɗe jikin uwa a gaban maza?"

Ta ce, "To Baba, maza su ɗan fita, minti biyu kawai."

"In fita a gidan ɗan'uwana?"

Sufeto ya ce, "Kofur, bar shi. Mun gani da idonmu." Ta janye hannunta. Tsakanin yatsunta da idon sawun nan bai kai taƙi ɗaya ba.

Nan raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci ba na tunani. Na ce su biyo ni, na ja su har ɗakin citta. An share shi tas, an jera buhuna har sama, yajin citta ya cinye kowane wari. Leonard yana tsaye ya harɗe hannu, fuskar nan kamar mai shirin karanta sanarwa a coci. Na ji ana shirin mayar da ni mahaukaciya, sai na ɗaga hannu na nuna sama.

"Ga ta can! Ta tagar can nake zura mata kunu, sati biyar! In ƙarya nake, ku je lambuna ku ga turmin da nake hawa!"

Leonard ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce, "Mun gode, Mama Hellen. Ni ban ma san akwai rami a wurin ba."

Washegari na hau turmi da gorata, na tarar da sabon bulo, simintin ko bushewa bai yi ba. Ta cikin bangon ina jin kiɗan kwano.

Na koma ofishin a guje. Jacinta ta fito da ni waje ta karanta mini rahoton da aka shigar. Layi uku ne: an samu tsohuwar cikin tsabta tana cin abinci, babu alamar cin zarafi, saɓanin maƙwabta ne kuma an bar shi a hannun mai unguwa. Shafi biyun da ta rubuta suna manne a baya, ba wanda zai sake duba su. Ta ce za ta nemi izini ta dawo da ma'aikaciyar asibiti, amma sai Oga ya sa hannu. Tana faɗa tana kallon ƙasa. Na tsani Sufeton nan, na tsani mai unguwa, amma wanda na fi tsana shi ne hannuna da ya yi nuni.

Kullum da hantsi ina zuwa jikin bangon. In ta buga kwano sai in amsa mata da tafin hannu a kan bulo. Kwana tara muna haka, kiɗan yana raguwa. A rana ta goma na buga, na sake bugawa, ban ji komai ba.

A wurinmu matan zumunta ne ke wanke gawar 'yar'uwarsu. Doreen ta riga ta ɗaura wa gawar Mama Keziya zanen nan dai, har ƙasa. Mu shida muka shiga, muka rufe ƙofa. Babu namiji ko ɗaya a ɗakin, don haka babu wanda ya hana mu ɗaga zanen. Igiyar ta ci naman idon sawun, zagaye guda, har ana ganin fari.